Kajina Bakwai da Kwangilar Baffa Lawal

Da hantsin wata Asabar ce, a kakar shekarar 1976, an gama girbin gero dawa ta fara sunkuyar da kai, na dawo daga bayan gari da tukunyar gara a kaina na tarar da jan babur a ƙofar gidanmu a Runka. Na Baffa Lawal ne, wan babana, wanda yake zaune a Batsari, ba ya kuma zuwa wurinmu sai da dalili. An ɗaure wani babban kwando mai murfi a bayan babur ɗin, babu komai a ciki. Shekarata tara a lokacin. Na sauke tukunya, na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da fara'ar da ban saba gani a fuskarsa ba, har da tambayata makaranta. Sai Baba ya ce, "Saude, kira kajin nan naki Baffanki ya gani." Daɗi ya kama ni, don tunda na fara kiwon nan babu wani namiji babba da ya taɓa cewa a nuna masa. Na ɗauko gwangwanina na ƙwanƙwasa shi da kara, na kaɗa harshe irin yadda na saba, sai ga su a guje, wata daga ƙarƙashin rumbu, wata daga turken awaki, wani ta kan danga. Na juye musu gara a tsakar gida, suka taru suna ci, ni kuma ina gabatar da su ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Baffa yana bin su da ido yana lanƙwasa yatsu, da ya kai na bakwai sai ya ce, "Alhamdu lillahi, duk ga su nan." Ina ta washe baki, na ɗauka yabona ake yi. Ban lura da igiyar kabar da ke leƙowa daga aljihun rigarsa ba.

Kafin in faɗi abin da ya biyo baya, dole in faɗi yadda kajin nan suka zama nawa, don har gobe akwai masu cewa ai kajin gida ne. Ba na gida ba ne. A wajenmu kowane yaro yana da wata dabba da ake cewa tasa ce, akuya ko tunkiya ko kaza, amma da baki ne kawai, yana yi mata ciyawa yana ba ta ruwa har ranar da za a ja ta kasuwa ko a yi baƙo. Na san da wannan tun ina ƙarama. Shi ya sa ranar da kakata, mahaifiyar Baba da Baffa Lawal, wadda duk gidan muke kira Iya, ta ce ta ba ni baƙar kazarta da ta fara kwanci, sai na ce mata, "Irin bayarwar gidan nan, ko ta gaske?" Iya ta yi dariya har ta dafa bango, ta ce wannan kishiya tata ta fi ƙarfinta. Ta kira Inna da Baba, ta ce a gabansu, "Ku shaida, na ba ta halak malak, ita da abin da duk ta ƙyanƙyashe." Baba ya ce ya shaida. Da kunnena na ji shi.

Da kazar ta zama tawa sai wani buri ya shige ni. Kajin unguwarmu duk kusan iri ɗaya ne, ni kuwa so nake in tara kowane iri a ƙarƙashin uwa guda, yadda sauran yara suke tara murafun kwalba. Na bazama neman ƙwai gida gida, kuma ko ɗaya ban samu kyauta ba. Wata tsohuwa mai kaɗi a ƙarshen gari tana da shazumama, kazar nan mai gashi a murɗe yana kallon sama, sai da na gurje mata auduga har tafin hannuna ya yi kanta kafin ta ba ni ƙwai biyu. Ƙwan durgu, mai gajerun ƙafafu, na samo shi da ɗiban ruwa a gidan mahauta. Na fingi, mai wuya tsirara ba gashi, matar wanzami ce ta ba ni bayan na yi mata surfe. Wata Bafulatana da take kawo mana nono daga rugarsu ta wajen Babban Duhu ta kawo mini ƙwan dogayen kajinsu a binne cikin dusa, ni kuma na riƙa raka ta gidajen da ake bin ta da ciniki ina ɗaukar mata ƙwarya. Wanda ya fi ba ni wuya shi ne ƙwan kajin turawa, da matar malamin gona take tsaronsa kamar zinariya, sai da na goyi ɗanta mai ƙiba har bayana ya ƙage. Iya ta ƙara mini ƙwan farar kaza da na wake-wake, mai ɗigon baƙi da fari, daga na gida, ta kuma riga ta sa ƙwan zabi biyu tun da wuri, don ta ce su sun fi daɗewa kafin su fashe. Kowane ƙwai na yi masa alama da gawayi. Duk wannan wahala ban taɓa fasa ko ɗaya na kai baki ba, tunda an hana mu cin ƙwai, wai yaron da ya saba da shi sata zai koya.

Ruwan farko bai daɗe da sauka ba suka fara fitowa. Wasu ƙwayayen sun yi baragurbi, ɗaya daga cikin na shazumamar kuma ya fito da gashi a kwance irin na kowa, abin da ya ba ni haushi har na so in je in karɓo ladan gurzata. Amma sauran sun fito yadda nake so, kuma baƙar kazar nan, Allah ya yi mata albarka, ba ta ware ko ɗaya ba, ta tattare su duka a ƙarƙashin fukafukanta, da ɗan Fulani da ɗan turawa da 'yan zabi. Ni ce na gane cewa tara su ya fi sauƙi a kan riƙon su, don kowane da irin fitinarsa. Durgu ba ta iya bin uwar cikin ciyawa mai raɓa, sai ta jiƙe sharkaf ta tsaya tana kuka, kullum sai na bi sawu na tsamo ta. Fingi ba ta damu da zafi ba, amma sauro da ƙudan cizo sun sa wa wuyanta ido, sai na riƙa shafa mata man kaɗanya, yara suna tsokanata wai ina kiwon 'yar ungulu. Ɗan Fulani tun yana ƙarami ƙafarsa ba ta zama, shi ne kullum a gaba, shi ne kuma na ƙarshen dawowa. 'Yan zabi kuwa ba su taɓa yarda cewa su 'yan gida ba ne, ko inuwata suka gani sai su watse. Shi kuma jan ɗan turawa ga ci ga wauta. In uwar ta hango shirwa ta yi gargaɗi, kowa sai ya shige ƙarƙashin rumbu ya lafe, shi kaɗai za ka gani a fili ya ɗaga kai yana neman inda ake raba abinci.

Shirwa ta ɗauke mini biyu a makon farko, na yi kuka har Inna ta ce ko ita ce ta mutu iyakar abin da zan yi ke nan. Daga nan Iya ta jiƙa galura ta ce in tsoma su, wai in shirwa ta ga ja sai ta ɗauka ba tsako ba ne. Na tsoma su, suka fito jajaye kamar an kai su gidan biki, hannuwana ma suka yi mako suna ja. Ban dogara da galura kaɗai ba. Na kafa musu ƙaya a gefen danga inda za su fake, na kuma koyi kallon sama ko ina daka, har tuntuɓe nake yi a hanya. Kullum da yamma nakan cusa busasshen kashin shanu da karmami a tsohuwar tukunya, in yayyafa ruwa, in kai bayan gari in kife a bakin suri, da safe in je in ɗauko kafin rana ta yi zafi garar ta koma ƙasa. Sai na zauna na tsince zago, masu manyan kawunan nan, don Iya ta ce in tsako ya haɗiye su suna kama masa maƙogwaro. Ruwan shansu a cikin fasasshen kasko yake, da ɓawon maɗaci a jiƙe saboda ciwon kaji. Duk sanda zan zuba musu abinci sai na ƙwanƙwasa gwangwanin nan na kaɗa harshe, har suka san kiran. Inna ta sha gwadawa, ƙannena ma sun gwada, ko juyowa kajin ba sa yi.

A cikinsu duka, shazumamar ce ta fi shiga raina. Gashinta ba ya tare ruwa, yayyafi kaɗan sai ta jiƙe har fata, ta tsaya tana karkarwa ido a rufe. Damina guda na yi ina gudu da ita. In ina hanyar kai abinci gona na ga hadari ya haɗo ta gabas, sai in dire wa su Baba ƙwaryar fura ko gaisuwar kirki babu, in juyo da gudu in same ta kafin ruwa ya sauko. Sau biyu ruwan yana riga ni, na tsince ta a sanƙare kamar ta mutu, na sa ta cikin zanena a jikin cikina na zauna bakin murhu har ta motsa. Da ta girma sai ta zama abin kallo, gashin nan ya buɗe, tana tafiya a hankali tana rangaji kamar wadda ta sa sabon leshi. Shekarun ne mutane suka fara tafiya Makka da yawa, sai na sa mata suna Hajiya. Inna ta ce in ta ƙara jin na kira kaza Hajiya sai ta fasa mini baki, amma ba a yi wata guda ba na ji ita kanta tana cewa, "Saude, zo ki kori Hajiya daga kan shanyata."

Wajen ƙarshen damina aka zo aka rubuta mu makaranta, yaran gari kaf, manya da ƙanana. Babu aji, a gindin wata tsamiya muke zama, kowa da dutsensa ko guntun buhu, an rataye allo a jikin bishiyar da ƙusa. In iska ta taso allon ya faɗo, in akuya ta ratsa ta cikinmu karatu ya tsaya. Da an tashe mu tara, 'yan mata su kafa gaɗa ko su zauna carafke, maza su shiga langa, ni kuwa sai in zura da gudu gida in leƙa kajina in dawo ina haki. Ƙawayena suka sa mini Uwar Kaji, ban kuma taɓa jin haushin sunan ba. Ina da lissafina: Hajiya da durgu da fingi za su fara ƙwai kafin sanyi, in sa musu su ƙyanƙyashe, in mayar wa tsohuwa mai kaɗi da 'yar shazumama guda don ta ga ban yi wasa da ƙwanta ba. A wannan hali nake ranar da jan babur ya tsaya a ƙofar gidanmu.

Suna cikin cin garar nan, kawunansu a ƙasa, Baffa Lawal ya sunkuya ya cafke Hajiya. Baba ya kama jan zakaran, ɗan turawan nan, wanda ko yunƙurin gudu bai yi ba. Kafin in gane abin da ake ciki an danne durgu da fingi da farar da wake-wake, an bi baƙar uwar har bakin madafa an kamo ta, Baffa yana zaro igiya yana ɗaure musu ƙafafu bibbiyu. Ɗan Fulani ya tsallake danga, zabi suka tashi sama, su dai ba a ko bi ta kansu ba. Na ƙwalla ƙara na riƙe rigar Baffa. Ihun ne ya fito da Iya daga ɗaki tana cewa, "Mi ya faru? Lawal, mi kake yi da kajin ɗiyar nan?" Nan Baffa ya yi mata bayani, ita, ba ni ba. Za a ba da kwangilar gina azuzuwan makaranta a ƙauyukanmu, masu nema sun yi yawa, shi kuma ya je wurin wani mai duba a wani ƙauye bayan Safana. Mai duban ya buga ƙasa ya ce aikin nasa ne, amma sai ya kawo sadakar kaji bakwai, kowace da kamarta: shazumama, fingi, durgu, fara, baƙa, wake-wake da jan zakara. Ya zagaya kasuwar Batsari bai haɗa ko huɗu ba, sai matarsa ta tuna masa cewa ai ɗiyar ƙanensa ta tara su duka a gida ɗaya. "Kin gani, Iya," in ji shi, "Allah ne ya sa ta tara su don wanga aiki."

Wato gurzar audugar da na yi, da goyon ɗan matar malamin gona, da gudun da na sha a cikin ruwa, duk Baffa Lawal nake yi wa aiki ban sani ba. Na juya wurin Baba ina kuka na ce, "Baba, ai ka shaida. Iya ta ce halak malak, ka ce ka shaida." Bai ko kalle ni sosai ba, ya ce, "Ke, yaro na da kaza ne? Ke kanki ta wa ce?" Sai na koma ga Iya, don ita ce ta bayar, ita ce kuma babba a gidan, kalma ɗaya daga bakinta ta isa a kwance igiyoyin nan. Ta dube ni, ta dubi ɗanta na fari, ta ce a hankali, "Lawal, da dai ka bar mata mai gashin nan." Ya ce ai ita ce kan sadakar, in babu ita sauran ba su da amfani. Iya ta gyara ɗaurin zanenta, ta koma ɗaki ta saki labule. Aka cusa su cikin kwando, aka rufe, aka ɗaure. Ina jin kukan Hajiya daban da na sauran har babur ɗin ya sha kwana.

Abin da ya fi ƙona mini rai, a ranar da kuma yau, ba ɗaukar kaɗai ba ce. Sun san kajin nan ba sa zuwa wurin kowa sai ni. Da sun bi su da gudu da sun wuni ba su kama uku ba. Sai manyan mutane biyu masu gemu suka zauna a zaure suka shirya cewa a sa yarinyar ta kira su da bakinta, kada kuma a gaya mata dalili sai an gama. Kajin sun zo ne don sun yarda da ni, ni kuma na kira su ne don na yarda da ubana. Mu da aka hana cin ƙwai don kada mu koyi sata, a tsakar gidanmu da rana tsaka aka nuna mana yadda ake yinta cikin ladabi, har da alhamdu lillahi. Kuma wai sadaka. Ko a makarantar allo an gaya mana mutum da abinsa yake sadaka. Daga baya ma na ji cewa babu wani miskini da ya ga ko ƙafar kajin nan, a gidan mai duban aka sauke kwandon, iyalinsa suka yi kwana da kwanaki suna shan romo.

Inna ta same ni a bayan rumbu da gwangwanina a hannu, ta ce, "Yi haƙuri, Saude. Baffanki ne." Maƙwabta suka shigo, su ma haƙuri. Malaminmu da ya ga idona a kumbure ranar Litinin ya tambaya, na gaya masa, ya ce in yi haƙuri. Ban ji mutum ɗaya ya ce abin da aka yi mini ba daidai ba ne, ban kuma ji an ce wa Baffa ya ba ni haƙurin da bakinsa ba. Iya kaɗai ce ba ta furta kalmar ba. Kwana biyu ba ma magana, a na uku ta miƙo mini ƙwai dafaffe a ɓoye cikin gefen zanenta, ta ce, "Ci, ba ki zama ɓarauniya." Shi ne ƙwan farko da na ci a rayuwata, kuma da hawaye na haɗiye shi. Ban sake ƙwanƙwasa gwangwanin ba. Ɗan Fulani da zabin nan biyu sai dai in watsa musu hatsi in wuce, ba na kiransu, don ban ga da wace fuska zan kira su ba.

Baffa ya samu kwangilar. Na so a ce bai samu ba, amma ya samu, gari kuma ya ɗauka cewa mai duban nan aikinsa kamar yankan wuƙa ne. Aka yi ta zuwa yi wa Baba murna, sunan mai kajin ko sau ɗaya bai fito ba. Bayan wata biyu, cikin sanyi, sai ga Baffa a wata farar mota, ya sauke kwali mai huji-huji a tsakar gida, ya ce, "Ina mai kukan kaji? Ga ashirin nan daga Katsina, na gidan gona, maimakon bakwai. Sai ki bar hararata." Kowa ya ce kai, Baffa ya kyauta, yarinya ta ci riba. Aka sa ni na durƙusa na yi godiya. Na buɗe kwalin na ga 'yan tsaki kala ɗaya, girma ɗaya, kuka ɗaya, ba uwa, babu wanda zan iya bambantawa da ɗan'uwansa balle in sa masa suna. Ba laifinsu ba ne, kuma ban wulaƙanta su ba, na kai su kusa da murhu na rufa musu tsumma. Amma an saba musu da fitila da abincin buhu, ga sanyin Runka, ga shi babu fukafukin da za su shiga. Suka riƙa mutuwa da ɗaya da biyu. 'Yan kaɗan da suka rayu shirwa ta yi ta ɗauka a fili, don babu wanda ya koya musu ɓuya. Da suka ƙare sai aka ce ai dama Saude ba ta iya kiwo ba.

Shekara ta zagayo muka tashi daga gindin tsamiya muka shiga ajin da Baffa ya gina. Ranar farko yara suna ta murna suna shafa bango, ni kuwa na zauna a benci ina kallon ginin ina rarraba shi a raina: wannan bangon durgu ce, wancan fingi, ƙofar jan zakara ce, rufin kwanon kuma Hajiya. Ashe na yi daidai da na ba ta rufin, don shi ma bai iya tare ruwa ba. Damina ta farko ya fara yoyo, muna jan benci daga wannan kusurwa zuwa waccan, ta biyu kuma iska ta yaye shi ɗungurum ta jefar a gonar mutane. Muka kwashi allonmu muka koma gindin tsamiya. Baffa a lokacin ya riga ya je Makka ya dawo da haƙorin zinariya, ana ce masa Alhaji. Duk sallah in ya zo yakan ce, "Ina Uwar Kaji? Har yanzu ana fushi?" a yi dariya, ni ma in yi murmushi don ladabi. Har ya bar duniya bai san cewa da gaske ake fushin ba. Na yafe masa, na yafe wa Baba, Allah ya jiƙansu da rahama, amma yafewa ba ta sa na ce sun yi daidai ba.

Yanzu a Katsina nake zaune, a gidan ɗana, tsakar gidan duk siminti, ko gara ba ta samun wurin fitowa. Runka kuwa sai a shekara ban je ba, hanyar ta zama sai da addu'a, rugagen da ake kawo mana nono daga cikinsu da yawa sun tashi. Kaji sun cika kasuwa fiye da da, amma farare ne iri ɗaya a cikin keji, nakan daɗe ina dubawa ban ga durgu ko shazumama ba. Jikata, mai sunan Iya, tana da wata 'yar kaza ja da ta raina tun tana tsako a cikin kwali a bayan ɗakin girki. Kwanakin baya aka yi baƙi daga Batsari ba shiri, na ji ubanta yana ce mata ta kira kazar nan tata. Ban san sanda na miƙe ba, da ciwon gwiwar da komai. Na ce masa, "Ka gaya mata abin da za ka yi da ita, sannan ka tambaye ta." Ya yi dariya ya ce, "Haba Hajiya, kazar yara?" Na ce ita fa. Ya ga ba wasa a fuskata, ya tsuguna ya tambaye ta, yarinya ta rungume kazarta ta ce a'a. Baƙi suka ci tuwo da miyar kuka, babu wanda ya mutu. Da yamma na zauna ina kallonta tana watsa wa kazar gero tana kiranta da wani irin sauti nata na kanta, kazar kuma ta taho da gudu ba ta tsoron komai. Na kai harshena ga ganɗa don in gwada nawa kiran, sai na tarar yana nan ban manta ba. Ban dai yi shi ba, don waɗanda suka san shi sun tafi a cikin kwando.